Yadda ake ba ƙaton shanshani na kiwo ɓera ba tare da an yi asararsa ba

Duk wanda ya saba cin karo da bidiyon ƙaton shanshani ya nannaɗe ɓera a YouTube ko TikTok zai ɗauka abincin wannan halitta ke nan safe da yamma. Masu ɗaukar irin wannan bidiyon 'yan kallo suke nema. Masu kiwo na haƙiƙa a Turai da Amurka da Asiya, inda wannan sha'awa ta fi ƙarfi, da gyare da kyankyaso da fara suke riƙe shanshaninsu shekara da shekaru, kuma da yawansu ba su taɓa ba shi ɓera ko sau ɗaya ba. Ɓera a wurin shanshanin kiwo kamar naman layya ne: yana da daɗi, yana da maiƙo, amma ba da shi ake cin tuwon kullum ba.

Ba wai ƙarya ake yi masa ba idan an ce yana cin dabba mai ƙashi. A shekarar 2005 masu bincike suka wallafa yadda suka tarar da Scolopendra gigantea, wanda tsawonsa kan kai santimita 30, yana cin jemagu a wani kogo da ke yankin Paraguaná na ƙasar Benezuwela, har da wanda ya maƙale a rufin kogon da ƙafafunsa na baya yana reto da abin da ya kama. A tsibirin Phillip, kusa da tsibirin Norfolk a tekun Fasifik, wani bincike na 2021 ya ƙiyasta cewa shanshanin wurin, Cormocephalus coynei, na iya cinye 'ya'yan tsuntsayen teku har 3,700 a shekara. A 2018 kuma masana a Kunming ta ƙasar Sin suka nuna shanshani mai nauyin giram 3 kacal ya kayar da ɓera mai giram 45 cikin daƙiƙa 30, saboda wani sinadari a dafinsa da ke dagula aikin zuciya da numfashi da jijiyoyi lokaci guda.

Sai dai a daji, idan ya ci ya ƙoshi, barin gawar yake yi ya ƙara gaba, tururuwa da ƙudaje su ƙarasa sauran. A cikin akwati ba inda za shi. Ragowar naman na nan a gefensa, cikin ɗumi da laima, tana ruɓewa a ƙasar da yake kwana a ciki. Yawancin matsalar ba da ɓera daga nan take tasowa, shi ya sa rabin wannan bayanin a kan abin da ake yi kafin ci da bayan ci ne.

Da farko, naka ya kai ya ci ɓera?

Auna shi ta bayan gilashi, kada ka buɗe. Idan bai kai santimita 15 ba, manta da zancen ɓera gaba ɗaya. Waɗanda suke isa wannan matsayi su ne manyan nau'o'in Scolopendra, irin su gigantea na arewacin Kudancin Amurka, da galapagoensis, da dehaani da subspinipes na kudu maso gabashin Asiya, da heros na kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko. Na nahiyarmu, irin su Scolopendra morsitans da ake samu a ƙarƙashin duwatsu da itace, yawanci ba sa kai wannan girman. Ethmostigmus trigonopodus, mai shuɗi-shuɗi a ƙafa, shi ne ke ɗan matsowa kusa, shi ma guntun nama ya ishe shi.

Duba halin da yake ciki

Nan ne sababbin shiga suka fi yin ɓarna. Shanshani yana saɓa kamar yadda ƙwari ke yi, kuma kafin ya yi saɓar yakan daina cin abinci. Launinsa ya dusashe, motsinsa ya yi nauyi, ya shige ƙasa ya toshe bakin ramin, wani lokacin mako biyu ko uku ko fiye ba ka sa shi a ido ba. Mai kiwo sai hankalinsa ya tashi, ya ce yunwa ce za ta kashe shi, ya tona shi ya tura masa nama. Kada ka tona. Ka cika masa kwanon ruwa ka ƙyale shi.

Bayan ya yi saɓar ma da sauran jira. Jikinsa laushi ne, haka nan ƙugiyoyin dafinsa, wato ƙafafunsa biyu na farko da suka rikiɗe suka lanƙwasa a ƙarƙashin kai. Idan ya soki abu mai tauri da su kafin su ƙanƙare za su iya lanƙwashewa ko su karye, ba kuma za su gyaru ba sai wata saɓar. Babba yana buƙatar kwana 10 zuwa 14. Da ma yawanci cinye tsohuwar fatarsa yake yi, don haka cikinsa ba wayam yake ba. Abinci na farko bayan saɓa ya zama ƙwaro mai laushi, ɓera ya biyo baya can gaba.

Idan mace ce ka gan ta ta dunƙule jikinta a kan wani curin ƙwai rawaya-rawaya, to ba abinci, ba buɗe murfi, ba ko jijjiga teburin. Da zarar ta tsorata cinye ƙwanta take yi. Za ta zauna a haka makonni ba ta ci komai ba, haka Allah Ya yi ta.

Sai ka dubi gefen jikinsa. Tsakanin ɓawon baya da na ciki akwai fata mai laushi, a nan ne ƙofofin numfashinsa suke. Idan fatar ta kumburo ta yi tantsan-tantsan har ɓawon bayan ya rarrabu, a ƙoshe yake, ɗaga ranar. Idan ya shafe kwana bakwai zuwa goma bai ci ba, yana fitowa da dare yana zagaye akwatin yana kaɗa eriyoyinsa biyu, lokaci ya yi.

Wane ɓera

Matacce, daskararre, kuma jinjiri: wanda bai wuce 'yan kwanaki da haihuwa ba, ja-ja-jir, ba gashi, ido a rufe, nauyinsa giram 1 zuwa 3. Ba shi da gashin da zai rage a ƙasa, ƙashinsa guringuntsi ne, shanshani na iya cinye kusan dukansa. Wanda ya fara gashi sai dai ga gigantea da ya ƙasaita, shi ma ban ga abin da zai ƙara masa ba illa ragowa mai yawa. Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: kada abin da za ka ba shi ya wuce kaurin jikinsa da yawa, kada kuma tsawonsa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon shanshanin. In ka yi shakka, raba jinjirin biyu tun yana daskare.

Mai rai fa? A'a, kuma dalilan biyu ne. Ɓeran da ya yi haƙori yana ramawa. Cizo ɗaya a gefen jiki ya isa ya huda shanshani, jinin jikinsa ya tsiyaye ka wayi gari ya sandare, ko ya rasa eriya ko ƙafa. Na biyu kuwa, azaba ce da ba ta da dalili. Ko da dafin shanshani ya kayar da ɓera, ba kullum yake kashe shi nan take ba, sau da yawa yakan fara ci dabbar na shure-shure. An hore mu da cewa ko kisa za a yi a kyautata shi, to ina dalilin jefa dabba cikin akwatin da ba ta da mafita alhali shanshanin zai karɓi matacce hannu bibbiyu? A Birtaniya, dokar kare dabbobi ta 2006 ta haramta jawo wa dabba wahalar da ba ta zama dole ba, shi ya sa masu kiwo a can suka dogara da daskararre.

Ɓeran gida ko na gona kuwa, ko a mace ka tsince shi, kada ka kusance shi da wannan niyya. Ga mu a Najeriya wannan ba abin wasa ba ne. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa, Mastomys natalensis, shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa ake kamuwa. Kai da za ka riƙe shi ka yanka kai ne a gaba wajen haɗari, tun kafin a zo kan shanshanin. Ga kuma shinkafar ɓera: wanda ka gani yana tangaɗi a tsakar gida har ka kama shi cikin sauƙi, mai yiwuwa ita ya ci.

A ƙasashen da ake wannan kiwo, shagunan masu kiwon macizai da ƙadangaru ne ke sayar da daskararrun jinjirayen ɓera a leda. A nan sai dai wurin masu kiwon farin ɓera a keji, irin wanda ake amfani da shi a ɗakin gwaje-gwaje, kuma wanda ya san aikin ne zai kashe ya daskarar maka. Idan ba ka samu ba, ba ka yi asarar komai ba. Ɗan guntun zuciyar kaza ɗanye, wanda ba gishiri ba magi, zai yi aikin da ɓeran zai yi.

Abu ɗaya da masu kiwo na Turai ba sa fama da shi mu muke fama da shi: ɗauke wuta. Jinjirin ɓera ƙanƙani ne, shi ke fara narkewa a firiza. Idan ya narke ya sake daskarewa, za ka gane: ya manne da 'yan'uwansa, cikinsa ya yi duhu ko kore-kore, ledar ta tara jan ruwa da ya ƙanƙare. Zubar da shi. Wanda firizarsa ba ta riƙe sanyi kwana da kwanaki gara ya haƙura da ɓera.

Haɗa kaya kafin ka taɓa murfi

Hantsaki dogo, santimita 30 ko fiye, na ƙarfe mai santsi. Guntun tayil ko murfin roba mai faɗi da za a ɗora naman. Safar hannu ta roba don taɓa ɓeran (ba za ta tare cizon shanshani ba, kada ka yaudari kanka). Leda biyu. Tocila, in da hali mai jan haske, don bai cika damuwa da shi ba. Sai babban baho ko bokiti mai zurfi mai santsin ciki da za ka ajiye akwatin a ciki idan zai shiga, saboda in ya tsallake ya faɗa inda ba zai iya hawa ba. Rufe ƙofar ɗaki, toshe ƙasanta da tsumma, yara da kyanwa su fita.

Narkar da shi

Ciro ɗaya tak, saka a leda, ɗaure, tsoma ledar a ruwa mai ɗumi wanda hannunka zai iya zama a ciki. Minti 15 zuwa 20 ya ishi jinjiri. Latsa cikinsa da kansa ta bayan leda, idan ba sauran tauri ko sanyi a tsakiya, ya yi. Ban da tafasasshen ruwa, don zai dafa fatar cikin ya fashe tun a hannunka, ban da na'urar ɗumama abinci. Ban da shanya shi a rana, ƙuda na sauka an gama.

Kwanon da ka yi wannan aikin da shi ya zama nasa ne har abada, kada ya koma kicin. Daskarewa ba ta kashe ƙwayar salmonela, mai jawo gudawa da zazzaɓi. A 2010 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi sawun wata ɓarkewar gudawa da zazzaɓi har zuwa daskararrun ɓerayen da ake sayar wa masu kiwon macizai, kuma irin wannan ta faru a Birtaniya. Yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ko a firiza, a sa ledar cikin roba mai murfi, nesa da naman miya.

Miƙa masa

Bayan isha'i ya fi, lokacin da yake fitowa farauta. Kafin ka buɗe, nemo inda yake da tocila. Idan ba ka gan shi ba, duba ƙarƙashin murfin da bakin akwatin tukuna, don wasu kan laɓe daidai nan. Gilashi mai santsi ba ya hawuwa gare shi, amma yana bin layin gam ɗin da ke kusurwa, kuma yana iya miƙewa a kan ƙafafun baya ya kai kusan tsawon jikinsa.

Buɗe kaɗan, iya inda hantsaki zai shiga. Sauke tayil ɗin a gefen da ya fi bushewa, nesa da kwanon ruwa da bakin raminsa. Ɗan tsaga fatar cikin jinjirin da tsinke ko reza don ƙamshin ya fita, saboda idon shanshani bai wuce bambance haske da duhu ba, da eriya yake gane abinci. Ɗora naman a kan tayil, janye hantsaki, rufe, danna makullin murfin. Shi ke nan.

Akwai masu riƙe naman da hantsaki suna kaɗa masa a gaba har ya cafka. Yana aiki, amma ni ba na ba sabon shiga shawarar haka. Dehaani musamman, idan ya kawo sura ba ya tsayawa a kan nama, hantsakin yake bi, kuma kafin ƙiftawar ido ya iso yatsunka. In har haka ta faru, saki hantsakin ya faɗa cikin akwati, rufe, ka ɗauko shi gobe. Kada ka yarfe hannu, yarfewar ce ke jefa shi tsakiyar ɗaki. Ga kuma haɗarin ya soki ƙarfe ya karya ƙugiya.

Abin da za ka gani

Zai fito yana tattaɓa ƙasa da eriya, hagu da dama, har ɗaya ta shafi naman. Sai ya tsaya cak. Daga nan ya haye kai, ya rungume shi da ƙafafun gaba kamar guda bakwai ko takwas na kowane gefe, ya soka ƙugiyoyin ko da yake abin a mace yake, ya fara yanka daga wuri mai laushi, yawanci ciki ko wuya. Yana ci kana ganin gaɓoɓin jikinsa suna cika ɗaya bayan ɗaya daga gaba zuwa baya. Awa ɗaya zuwa uku yakan ɗauka. Idan ya gama sai ya koma gefe ya shiga wanka: ya jawo eriya ɗaya ta cikin bakinsa daga tushe har ƙarshe, ya jawo ɗayar, sannan ya bi ƙafafun ɗaya-ɗaya.

Kada ka ƙwanƙwasa gilashi, kada ka haska masa fitilar waya don ɗaukar hoto. Idan ya tsorata, ko dai ya watsar da abincin, ko ya ja shi cikin rami, wanda shi ne abin da ba ka so.

In awa biyu ta wuce bai kula ba, cire ka zubar. Ba a mayar da narkakken ɓera firiza. A gwada bayan mako guda da gyare.

Kwashe ragowa

Littattafan masu kiwo na ƙasashen sanyi kan ce a cire ragowa cikin awa 24. A zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi na watan Afrilu wannan ya yi yawa ƙwarai. Idan ka ba shi da dare, kafin rana ta ɗaga ka kwashe. Ɗauke tayil ɗin da hantsaki, sannan ka bi ƙasar da ido: guntun fata, ɗan kai, wurin da ruwan nama ya jiƙa. Kwashe har da ƙasar da ke kewaye da wurin da dogon cokali, cike gurbin da sabuwa.

Idan ya ja naman cikin rami, hancinka ne zai gaya maka kafin kwana biyu. A nan ba makawa sai an tona. Kifa masa roba mai haske idan ya fito, zura murfi ta ƙasa, ajiye shi gefe a rufe, sannan ka yi aikinka a natse. Kada ka taɓa zura hannu a akwatin da yake ciki, ko da ka ga kamar barci yake.

Dalilin wannan tsanani shi ne yadda jikinsa yake. Fatar shanshani ba ta da kakin da ke hana ƙwari bushewa, saboda haka dole a riƙe masa ƙasa da laima, a kan ɗumin da bai wuce digiri 24 zuwa 28 ba. Laima da ɗumi da ruɓaɓɓen nama kuwa su ne abin da fumfuna da ƙananan ƙudaje da wasu mitsi-mitsin ƙwari farare ke nema. Waɗannan mitsi-mitsin, idan suka yi yawa, hawa jikinsa suke yi su taru a gaɓoɓi da bakin ƙofofin numfashi. Fumfuna kuma kan bayyana a matsayin baƙin tabo a ƙafa ko eriya, har gaɓar ta guntule. Ga uwa uba tururuwa da kiyashi: ƙamshin nama na kiran su, kuma rundunarsu na iya kashe shanshanin da ya fi su girma sau dubu a dare ɗaya. Sa ƙafafun teburin a cikin gwangwanayen ruwa. Kada ka ce za ka kore su da fiya-fiya ko maganin sauro na fesawa a ɗakin, shanshanin zai riga su mutuwa.

Sauya ruwan kwanonsa, don sau da yawa yakan bi ta ciki da maiƙo a jiki. Ɗaure ragowar a leda biyu, wanke tayil da hantsaki da sabulu da ruwan zafi a waje, ka wanke hannu har gwiwa.

Bayan nan

Zai ɓace maka. Mako biyu, wani lokacin uku, yana ƙasa yana narkar da abin da ya ci. Kada ka ƙara masa komai sai ya fito da kansa, gefen jikinsa ya saɓe. Shanshani bai san ya isa ba muddin ana kawowa, kuma wanda ya yi taiɓa ya fi shan wahala wajen fita daga tsohuwar fata. Ɓera sau ɗaya a wata biyu ya wadatar. Inda ya fi amfani shi ne ga macen da ta gama renon 'ya'ya ta rame, ko wanda ya iso daga doguwar tafiya a bushe, bayan ya sha ruwa ya ci ƙwari na 'yan makonni.

Sauran lokacin, manyan gyare biyu ko uku, ko kyankyaso babba ɗaya a mako, na kiwo waɗanda ka ciyar da karas da ganye da dusa kwana ɗaya kafin ka miƙa su. Kyankyason masai da farar gonar da aka yi wa feshi ba sa cikin lissafi, balle soyayyiyar farar kasuwa mai yaji da gishiri. Jefi-jefi ka ɗora masa ɗan yankan ayaba ko mangwaro, wasu na lasa.

Idan ya cije ka

Mayar da murfi tukuna, sannan ka kula da hannunka. Cire zobe da agogo kafin kumburi ya zo. Wanke wurin da sabulu, tsoma a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, wasu kuma ƙanƙara a tsumma ta fi yi musu. Sha farasitamol. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure hannu da igiya. Babu allurar karya dafin shanshani kamar yadda ake da ta maciji, abin da asibiti ke yi shi ne rage raɗaɗi, lura da zuciya da numfashi, da allurar tetanus in ana buƙata. Cizon manyan na Asiya na iya hana mutum barci kwana biyu, amma galibi yana wucewa. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, kumburin fuska, jiri, ko fitsari ya yi duhu, duk waɗannan na asibiti ne nan take. Yaro kuwa ba a jiran alama: a 2014 an ba da rahoton rasuwar wani ɗan shekara huɗu a Benezuwela bayan gigantea da ya ɓuya a gwangwanin lemo ya cije shi. Ka rubuta cikakken sunan irin da kake kiwo a takarda ka manna a jikin akwatin, domin wanda zai kai ka asibiti ya san abin da zai gaya wa likita.